Fuskar Da Haggai Ya Saka a Duhu

Jama'a ku yi haƙuri, yau babu doguwar gaisuwa. A cikin jirgin ƙasa nake buga muku wannan, na baro Abbey Wood na nufi cikin gari, sanye da leshi ruwan zuma da ɗaurin da ya ƙi zama. Wata Baturiya da ke gabana sai satar kallona take yi, ina jin zato take daga wajen biki na gudo. Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Raina a ɓace yake ƙwarai, in kun ga kuskure a rubutun ku wuce kawai.

Ga sababbin shigowa, ni ce Tina ta ƙungiyar Kwalli. Mu uku ne muke waƙa, ni da Sherifa 'yar zangon Kumasi da Ihsan Bakanuwa. Mun yi tashe iya tashe. Duk bikin 'yan Afirka da aka yi a London ba a saka waƙarmu ba, to ba a fara rawa ba. Akwai ranar da muka yi wasa a Aldwych, wurin ya cika har mutane suka tsaya a bakin titi bas na yi musu hon. Yara suna tare mu a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suna neman hoto, mu kuma muna ta yanga.

Mamana ce ta biya kuɗin wannan tashen da fuskarta. Mu 'yan Wusasa ne, Mama tana cikin Zumuntar Mata tun ban zo duniya ba, matan nan na coci masu ɗaura zani iri ɗaya suna waƙa da tulu. Su ba sa zagi. Addu'a suke yi miki a bainar jama'a. "Mu tuna da 'yar 'yar'uwarmu wadda duniya ta ɗauke." Kowa ya ce amin yana kallon ƙeyar Mama. Ta sha wannan addu'ar har ta ƙoshi.

Bara muka watse, kuma ba faɗa muka yi ba. Sherifa ta koma karatun jinya, Ihsan ta ce ta gaji aure take so, ni kuma maƙogwarona ya samu matsala har sai da aka yi mini aiki. Kafin mu rabu muka zauna a falon Sherifa muka yi alkawari ɗaya: ba wanda zai ƙara ɗora tsohon hotonmu. Saboda Ihsan muka yi. Ita dama ba ta taɓa hawa dandamali da fuskarta a buɗe ba, kullum da ƙaton baƙin gilashi da jan gashin kanti, sunan da take amsawa a waƙa ma daban ne. Saurayinta Baha'uddeen ya san komai. Danginsa ne ba su sani ba, kuma gidan malamai ne.

Ku riƙe wannan da zan faɗa yanzu, don shi ne yake ci mini rai. Bayan aikin nan likita ya hana ni magana, Mama kuma tana aikin kula da tsofaffi, ba ta samun zama. Ihsan ce ta kwaso jakarta ta tare a ɗakina. Ita ke dama mini kunu da citta, ita ke amsa mini waya, in lokacin sallarta ya yi ta shimfiɗa darduma tsakanin gadona da wardrobe. Ranar da aka ce in gwada murya na ɗauko waƙarmu da ta fi fice, abin da ya fito kamar ƙarar ƙofa. Na zauna ina kuka.

"Ki rabu da waƙoƙinmu," in ji Ihsan. "Yi wadda Mama take yi in tana wanke-wanke."

Ta kifa bokitin wanki tana buga mini irin kiɗan tulu, ba ta ma iya ba. Na buɗe baki, waƙar yabon nan da na raina tun ina yarinya ta fito sumul. Ranar Lahadi ita ta tuƙa ni zuwa coci. Ta tsaya a mota tana cin gyaɗa har aka tashi, da na fito idona jawur ta ce, "To, kin ga inda muryarki take so ta zauna." Daga nan na koma waƙar Yesu, ban kuma waiwaya ba.

A cocin na haɗu da Haggai, mai buga piano. Dogo, mai wushirya, in yana magana sai ki rantse bai taɓa taka tururuwa ba. Na so shi, ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu da nake jin haushinsa zuciyata ba ta gama sakinsa ba. Shi ya haɗa mini waƙata ta farko mai suna Na Dawo Gida. Na ba shi tsohuwar laptop ɗina don ya ciro wasu muryoyi da na taɓa ɗauka. Mahaifiyarsa ita ce uwar zumunta, kuma Lahadin da ta wuce ta kira ni gaban matan ta miƙo mini zanin zumunta sabo a leda. Wanda ya san abin ya san matan aure kaɗai ke ɗaura shi. Wato ta karɓe ni tun kafin a je ko'ina. Mama ta yi kuka har da majina. Aka tsayar da yau Asabar iyayensa za su zo gaisuwa.

Ranar Laraba da safe ina goge baki saƙon Sherifa ya shigo. Ita kowa "ka" ne a bakinta.

"Tina ka ga abin da saurayinka ya yi? Buɗe Insta yanzu yanzu."

Na buɗe. Tallar waƙata ce. Ta fara da hoto baƙi da fari da rugugin tsawa, an rubuta DAGA DUHU da manyan baƙaƙe. Sai ga yarinya tana rawa da gajeren wando, babu gilashi, babu gashin kanti, babu ɗankwali, tana dariya har da juyi, an rage gudun hoton don a ƙare mata kallo. Ihsan ce. Ni ina can baya, ƙeyata kawai ake gani. Daga nan haske ya wanke allon, ga ni cikin farar riga na ɗaga hannu sama, an rubuta ZUWA HASKE.

Na san hoton. A ɗakin canza kaya na Aldwych aka ɗauke shi da wayata, mu mata zalla, ƙofa a kulle.

Ko mai ban shafa ba na zura doguwar riga na hau bas zuwa Thamesmead. Na same shi a ɗakin da ya mayar studio, yana tsoma burodi a shayi yana murmushi shi kaɗai.

"Kin ga views kuwa?" Da abin da ya tarbe ni ke nan.

"Wa ya ba ka izini?"

"Babe, zauna mana."

"Na ce wa ya ba ka izini, Haggai? Muryoyi na ce ka ciro. Me ya kai ka wajen hotuna?"

Ya ajiye kofin a hankali, irin na wanda zai yi wa ƙaramin yaro bayani. "Tina, testimony yana buƙatar before da after. Na duba clips ɗinki kaf, gaskiya babu inda kika yi kama da wadda ta ɓata. Kullum kina baya kina gyara mic. Wannan ne kawai yake da power."

Ku ji fa. Wato ni ban yi masa kama da mai zunubi yadda yake so ba, shi ne ya je ya aro fuskar 'yar mutane.

"Ai ban sa sunanta ba," ya ƙara.

"Fuskarta fa? Ka san an sa ranar aurenta. Ka ga ankon a ɗakina da idonka."

"Okay, zan yi delete." Ya ɗauki waya yana jan ƙafa. "Amma fasto ya riga ya ce a haska shi ranar Lahadi kafin ki yi waƙa. Mamana ma ta tura wa group ɗin zumunta na gida. Mutane suna samun albarka, Tina, karanta comments ki gani."

"Ka san wa ya kai ni ƙofar coci?"

"Ruhu Mai Tsarki."

"To a motar Ihsan ya zo."

Ya haɗe rai. "Ki daina irin wannan maganar, saɓo ne. Ki bari mu wuce Asabar, zan kira ta in yi apologise."

Na kalle shi, na kalli piano ɗin da yake sa matan coci kuka da shi. Da na daɗe a ɗakin da na fasa wani abu. Na fito na bar masa ƙofa a buɗe, ina tafe ina kiran Ihsan. Ba ta ɗauka ba. Na tura saƙo na ce wallahi ban sani ba, ki yafe ni, ki ɗauka ko zagina ne ki yi. Alamar ta karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Haka Laraba ta wuce, haka Alhamis ta wuce.

Jiya Juma'a da hantsi sai ga kiran Hajiya Ummukulthum, mahaifiyarta, wadda ni ma Umma nake ce mata. Na durƙusa a tsakar ɗakina kamar tana ganina.

"Ina kwana Umma."

"Tina, na taɓa cutar ki?"

"A'a Umma."

"Kin ci tuwo a gidana. In za ku tafi wasa ke nake ba wa amanarta, don na ga kin fi su hankali." Muryarta ta karye, ta tsaya ta gyara. "Alhaji Maharazu, mahaifin Baha'uddeen, yana gari, ya zo ganin likita. Daga Kano aka turo masa abin nan. Daga Kano, Tina. Ya je gida ya dawo."

Ta ci gaba.

"Ya ce shi ba ya yanke hukunci da ji-ta-ji-ta. Ya ce a kawo masa mai bidiyon ya tambaye ta da bakinsa. Gobe bayan azahar, a masaukinsa kusa da Charing Cross, don jibi zai tashi. In bai gamsu ba an fasa. Ki je ki ce masa ba ita ba ce. Ki ce haɗin kwamfuta ne, ai yanzu ana yi. Ke da kike waƙar Allah, zai yarda da ke."

"To Umma," na ce.

Na ajiye wayar. Gobe bayan azahar, daidai lokacin da iyayen Haggai za su shigo gidanmu. Kuma amfanin farko da za a ci daga waƙar yabon da nake yi shi ne in je in shirga wa dattijo ƙarya ya yarda. Na ji haushin Haggai ya ƙaru ninki biyu, don shi ya jefa ni a wannan ramin yana can yana ƙirga masu kallo.

Na sami Mama a kicin ta ɗaure ƙugu tana suyar cincin, ga nama a tukunya, ga kwalayen lemo jere a ƙarƙashin tebur. Gidan council ne, irin na hayar gwamnati, kicin ɗin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Na faɗa mata komai ina tsaye a bakin ƙofa.

Ba ta juyo ba. "Ki kira su ki ce sai Litinin."

"Jibi zai tashi, Mama."

"To ki je da yamma in baƙi sun tafi."

"Ke kin san gaisuwa ba ta ƙarewa da wuri. Sai an yi addu'a, sai an ci, sai Kawu Zuberu ya ba da tarihin Wusasa tun daga zuwan Turawa."

Ta kwashe cincin ta zuba a kwando da ƙarfi. "Tina, ki ji tausayina. Shekara nawa ina shiga coci da kai a ƙasa? Yanzu da Allah ya share mini hawaye, matan da suke yi mini addu'ar gori suna tashi su ba ni kujera, shi ne za ki sa in tara mutane babu ke? Yaron nan kuskure ya yi. Wane namiji ne ba ya kuskure?"

"Kuskure shi ne ka taka mutum ba ka gani ba. Shi zama ya yi ya zaɓa, ya rage gudun hoton, ya sa tsawa."

"Ki rage murya."

"Wa ya dama mini kunu lokacin da kike wajen aiki? Maman Haggai?"

Man yana ta ƙara a kasko. Na ga ta goge ido da gefen zani, amma abin da ta ce shi ne, "Ihsan 'yata ce, Allah ya sani. Sai dai su ma suna da Allahnsu da danginsu, za su san yadda za su yi. Ke ki fara gyara naki."

Ina son Mama, kuma na san abin da ta haɗiya saboda ni. Amma na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina.

Yau tun safe gidan ya kacame. Kawu Zuberu, ƙanin marigayi Babana, ya iso daga Woolwich da babbar riga da ƙamshin turare, ya mamaye doguwar kujera yana gwada jawabinsa a kan Mama. Ni kuma na kulle kaina a ɗaki. A kan gado ga zanin zumunta Mama ta goge ta shimfiɗa, ta ɗora farar riga da farin ɗankwali, don Maman Haggai ta ce tana so ta gan ni a ciki ko sau ɗaya kafin biki. A jikin wardrobe kuma ga ankon Ihsan a rataye, leshi ruwan zuma da tela ta kawo makon jiya. Na manyan ƙawaye ne, ni da Sherifa kawai aka yanka wa irinsa.

Saƙon Haggai ya shigo. "Mun taso. Na sauke video ɗin, happy? Please ki yi smiling, uncles ɗina suna da lura."

Ko "yaya Ihsan" babu. Na karanta na sake karantawa ko na tsallake, babu.

Na ninke zanin zumunta na mayar da shi ledarsa. Na saka leshin, na zizara kwalli, na kafa ɗauri. Da na fito falo Kawu ya washe baki ya ce, "Kai, amarya ta fito," don shi bai san bambancin kayan ba. Mama ta sani. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, cokalin miya a hannunta.

"Tina."

"Ki yafe ni, Mama."

Na zaci za ta tare ƙofa. Ta matso har ina jin ƙamshin albasa a jikinta, ta ɗaga hannu, na runtse ido. Ɗaurina ta ja ta ɗan daidaita, ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba. Ta juya ta koma kicin.

Ina isa bakin lift yana buɗewa. Ga Haggai cikin farar shadda, ga kawunnansa biyu da kwalin lemo da goro, ga mahaifiyarsa ta sha zanin zumunta da Littafi Mai Tsarki a hammata. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don rashin kunya ba ta cikin abin da aka koya mini.

"'Yata, ina zanin da na ba ki?" in ji Maman Haggai.

"Yana kan gado, Mama, a ninke."

"To ina zuwa haka, ga mu mun iso?"

"Zan je in gyara ɓarnar da aka yi da sunana. Haggai zai yi muku bayani, ya iya haɗa labari."

Kawunnan suka kalli juna. Haggai ya sa hannu ya tare ƙofar lift, murmushin yana nan a fuskarsa saboda manya, amma murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kada ki kunyata ni a gaban iyayena. In kika shiga lift ɗin nan, Tina, ki manta da ni, ki manta da waƙar. Files ɗin duk suna wajena."

"Muryar tana wajena," na ce. Na sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa na shiga.

Ƙofar ta rufe. Na yi kuka daga hawa na shida har ƙasa, na yi kuka a hanyar tasha, wani yaro ɗan Najeriya ma ya gane ni ya ɗaga waya zai ɗauka, kallon da na yi masa ya sa ya mayar da ita aljihu. Wayata ba ta huta ba. Kawu ya kira, fasto ya kira, wata lambar da ban sani ba ta turo mini aya a kan biyayya. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

Tun da na zauna a jirgin nan nake haddace ƙaryar da zan yi. Alhaji, ba ita ba ce. Alhaji, haɗi ne. Na maimaita har ta fara zama a bakina, ina yi ina roƙon Yesu gafara tun kafin in aikata. Na bar miji a bakin lift, na bar uwata da tukunyar shinkafa da baƙi, ƙarya ɗaya ba za ta gagare ni ba in dai za ta tsayar da auren Ihsan.

Yanzun nan, muna dab da shiga cikin gari, wayar ta yi ƙara. Sunanta na gani, karo na farko tun Laraba. Sai da na goge hannuna a jikin leshin kafin na buɗe.

"Sherifa ta ce kin taho. Mun iso, Alhaji yana zaune, Umma sai kallon ƙofa take. Na san abin da ta roƙe ki. Tina, na gaji da gilashi. In ya tambaye ki ko ni ce, ki ce ni ce."

Ina cikin karantawa wani ya sake shigowa.

"Sannan ki faɗa masa sauran, wace ce ni a bayan gilashin. Ke kaɗai kika san shi."

Jirgi ya tsaya. Ga ni nan zan sauka, kuma ban haddace ko kalma ɗaya ta gaskiyar ba.